Hayaƙi a Gindin Madatsa

Kowace safiya, da ya idar da salla, tsoho Toktosun yakan ɗauki kwalba mai faɗin baki, ya dogara sandarsa, ya fita ta ƙofar baya. Taku arba'in ne daga bangon gidansa zuwa gindin madatsa. Madatsar ta ƙasa ce, tsayinta ya kai bene hawa uku, a bayanta kuma tafkin matatar ruwan ƙazanta ne, inda duk abin da garin ya wanke ko ya zubar a masai yake zuwa ya kwanta. A gindinta, ƙarƙashin wani baƙin dutse, akwai inda ruwa yake tsattsafowa. Nan yakan durƙusa da ƙyar ya tara kwalbar, ya koma gida ya ajiye ta a bakin taga, ya manna mata 'yar takarda mai kwanan wata.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gadin madatsar nan, kuma da ya ajiye aiki ba a ɗauki wani ba. Injiniya ne yake zuwa sau ɗaya a wata, ya leƙa ta gilashin mota, ya juya. Abin da Toktosun ya sani ba shi da yawa, amma ya san shi sarai. Madatsar ƙasa ba ta rasa gumi. Muddin ruwan da yake fitowa garau yake, mutum ya yi barcinsa har da munshari. Ranar da ya fara fitowa da laka kuwa, to cikinta yake kwasowa.

A farkon kaka, lakar da take kwanciya a gindin kwalba ba ta wuce kaurin farce ba.

A da, gida goma sha biyu ne a layin. Hukumar gari ta kwashe goma sha ɗaya ta kai su sabon bene a kan tudu. Gidan Toktosun, da yake shi ne na ƙarshe a layi, sai ya faɗa zubi na biyu, wanda ba a gama ginin benensa ba. Ƙa'idar a fili take: yawan ɗakunan da za a ba gida, yawan mutanen da suke kwana a cikinsa. A takarda, mutum biyar ne suke kwana a gidan: tsohon, da autansa Kubat mai tuƙa tasi, da matar autan Gulzat, da yaransu biyu, Aidai da Temir. Mutum biyar, ɗaki uku. 'Yan kwamiti kuma sukan zo ba sanarwa, su duba ko hayaƙi yana tashi daga bututu, ko akwai takalma a bakin ƙofa.

Amma tun da naso ya fara cin bango, Temir ya kama tari, Kubat ya kwashe matarsa da yara ya kai su wasu ɗakuna na kawun Gulzat a bayan kasuwa. An ce na ɗan lokaci ne. Tsohon aka bari.

Wata Asabar suka zo su biyu, Gulzat tana riƙe da buhu. Ta gaishe shi da ladabi, ta zuba masa shayi da hannu biyu, sannan ta kwance buhun. Tsofaffin kayan yara ne: wanduna, safa, wata jar riga ta Aidai, da takalma ƙafa huɗu. Ta jera takalman a bakin ƙofa, manya a baya, ƙanana a gaba, ta ɗan karkatar da guda kamar yaro ne ya cire shi da gudu.

"Ata, ba wani aiki ba ne," in ji ta, don haka ake kiran uba a wurinsu. "Ku dai riƙa tsoma su a ruwa kuna shanyawa a igiyar da ake hangowa daga titi. In sun bushe ku sake jiƙawa."

Ya tambaye ta wa zai sa su. Ta rufe baki da gefen ɗankwali tana dariya, ta ce igiya ce za ta sa.

Toktosun ya juya ga ɗansa, ya ce shi ma ƙirjinsa ya fara nauyi, ko za a samu ɗan lungu a can bayan kasuwa, ko da a ƙasa ne ya shimfiɗa bargo. Kubat ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Ata, ku da bakinku kuka koya mana cewa murhun uba ba ya mutuwa. Ni ne auta, gidan nan a wuyana yake. In hayaƙi ya daina tashi a nan, da wane ido zan dubi dangi?"

"Lokacin da ubana ya koya min haka," in ji tsohon, "autan yana zaune a gefen murhun."

"Zamani ne, Ata. Autan yanzu tasi yake tuƙawa."

Sai ya kama hannun ɗan nasa ya kai shi bakin taga, ya nuna masa kwalabe goma sha tara a jere, daga ta farko mai ruwa garau har zuwa ta ranar. Ya ɗaga biyu a haske don ya ga bambancin. Kubat ya duba, don ba ya son ya yi wa mahaifinsa rashin kunya, amma ya ce tun yana aji uku yake jin madatsar nan za ta fashe, ga shi yau har furfura ta fara fito masa, ita ko atishawa ba ta yi ba.

Gulzat ce ta leƙo ta bayan kafaɗarsu. "Ashe ku kuka kwashe min kwalabe, Ata? Ga tumatir buhu biyu can yana ruɓewa, ina ta zargin maƙwabta."

Kaka lokacin jiƙa tumatir da kokwamba ne a ruwan gishiri, kuma macen da ta shiga sanyi kantar kicinta babu kwalabe a jere, ita ce abin zance a unguwa. Ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya, ta tuttule a bakin ƙofa, ta kankare takardun da farce. Uku ta bar masa, waɗanda bakinsu ya ɗan tsage.

Daga nan sanyi ya shigo. Ruwan rijiyar gidan ya daɗe da yin wari, don haka Kubat yakan kawo jarka biyu duk mako, tare da burodi da ganyen shayi. Wani makon yakan manta, ko hanya ta toshe, ko fasinja ya ɗauke shi zuwa wani gari. A irin waɗannan ranaku tsohon yakan ɗebo dusar ƙanƙara a tukunya ya narkar. Da ita yake shayi, da ita yake alwala, da ita kuma yake jiƙa kayan yaran. Kafin ya gama shanyawa yatsunsa sun daina jin komai. Wandunan sukan daskare a kan igiya su sandare, iska tana kaɗa su suna ƙara kamar katako.

An ce masa ya riƙa hura wuta da rana, lokacin da ake ganin hayaƙi. Kwal ɗin da aka kawo ba zai kai dare da rana ba, don haka da rana ta faɗi sai ya bar wutar ta mutu, ya shiga bargo da rigar fata da hula. Naso ya hau bango har ya kai tsayin ƙugu. Kafet ɗin ulu da marigayiya matarsa ta yi da hannunta ya yi baƙi daga ƙasa, sai ya naɗe shi ya ɗora a kan akwati. Tari ya kama shi, ƙafafunsa suka kumbura, takalminsa ya daina shiga sai ya tsaga shi ta gefe.

Jikokin ba a taɓa kawo su ba. Gulzat ta ce warin wurin ba ya yi wa yara kyau. Wata rana maɓallin jar rigar Aidai ya cire a cikin kwano, sai ya nemo allura, ya zauna a bakin taga kusan awa guda yana neman kafar allurar, ya ɗinke shi. Bayan ya gama ne ya tuna cewa rigar ta yi mata kaɗan tun bara.

A tsakiyar sanyi babbar 'yarsa Burul ta zo daga ƙauyen mijinta, tafiyar awa huɗu a bas. Ta tarar da shi yana matse safar Temir, leɓensa ya yi shuɗi. Ba ta ko cire mayafi ba ta kira ƙanenta a waya, ta ce ya zo yanzu. Kafin ya iso ta ɗaure kayan tsohon a zane.

Kubat ya shigo yana karkaɗe dusar ƙanƙara daga kafaɗa. Ya dubi ƙunshin, ya dubi yayarsa, wadda yake kira Eje, wato yaya.

"Eje, ina za a kai shi?"

"Gidana. Akwai ɗaki a bayan murhu, bango a bushe."

"Gidanki, ko gidan mijinki?" Ya yi murmushi. "A ce Toktosun yana da auta da ransa, ya koma cin burodin suruki? Ke baƙuwa ce a gidan nan tun ranar da aka ɗauke ki. Ki sha shayi, ki yi mana addu'a, ki kama motar yamma."

Ta ce masa baƙuwa ma tana da ido, kuma ta ga ƙafafun ubanta. Ta ce kare ma in an ɗaure shi gadi ana kai masa ruwa kullum. Kubat bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ba don kansa yake yi ba, ɗaki uku ne, kuma mafi hasken cikinsu na Ata ne, da ruwan zafi a famfo. A watan biyar za a ba da makullai. Wanda ya yi haƙurin shekara saba'in da huɗu, wata huɗu ba za su gagare shi ba. In kuwa ta ɗauke shi yau, gobe kwamiti ya tarar da murhu a mace, to ta shirya gaya wa Aidai da Temir cewa goggonsu ce ta raba su da gida.

Su duka suka juya ga tsohon. Yana zaune a bakin gado, hannuwansa a kan sanda. Ya san abin da za a faɗa a masallaci in aka ji ya koma gidan suruki. Ba shi za a zaga ba, Kubat za a zaga, kuma zagin zai bi yaron har kabari. Ya tuna ranar da aka haife shi, bayan sun fid da rai da samun namiji.

"Kwance ƙunshin, 'yata," in ji shi. "Ni ne na ce a bar ni. Ba na iya barci a wani wuri."

Burul ta kwance tana kuka ba sauti. Ta dafa masa romon nama, ta shafa masa kitsen tunkiya a ƙirji, ta bar masa safar ulu ƙafa biyu, ta kama motar yamma.

Zuwa ƙarshen wata na biyu, laka ta kai kaurin yatsa biyu. Wurin tsattsafowar ya zama uku, kuma dusar ƙanƙara ba ta kwanciya a kansu. Tarin ya cinye muryar Toktosun, in zai yi magana sai mutum ya matso da kunne.

A wannan makon matar kwamiti ta zo, matashiya mai tabarau, da hankici a hanci. Ta dubi hayaƙi, ta dubi igiya, ta ƙirga takalma da bakin biro. Ta tambaya ina mutanen gidan. Tsohon, wanda bai taɓa rubuta awon ƙarya ba a shekara talatin da ɗaya, ya ce yarinyar tana makaranta, uwar ta kai ƙaramin yaron asibiti, uban yana kan hanya. Ta rubuta. Har ta juya sai idonta ya kai kan kwalabe ukun, ta tambaya mene ne.

"Ruwan gindin madatsa ne, 'yata. Dubi ƙasan."

Ta ce wannan ba sashenta ba ne. Amma ta ɗan tsaya, ta ce in yana ganin akwai haɗari, ya rubuta wa shugaban matata da hannunsa, a sa hannu a kai ofis. In injiniya ya tabbatar, ba za a jira watan biyar ba, a ranar za a kawo mota a kwashe su.

Kwana biyu ya yi yana rubuta wasiƙar. Ya faɗi wurare ukun, da launin ruwan, da tsagar da ya gani a kafaɗar madatsa wadda sandarsa take shiga har rabi. Ya roƙi a rage ruwan tafkin kafin ƙanƙara ta narke. Ranar Asabar ya miƙa wa Kubat, ya ce ya biya ta ofis ya ajiye.

Kubat ya karanta a tsaye. Ya ninke ta biyu, ya zauna kusa da mahaifinsa, ya yi magana a tausashe kamar mai lallashin yaro. Ya ce Ata ya yi tunani. In suka yarda da wasiƙar, mota za su kawo ba sanarwa, su ɗauki wanda suka tarar. Wa za su tarar? Mutum ɗaya. Mutum ɗaya kuwa gado ɗaya ake ba shi, a gidan tsofaffi marasa galihu, sannan a soke sunan sauran, wataƙila har a kai shi kotu. Duk wahalar da Ata ya sha a sanyin nan ta tashi a banza ke nan.

"Madatsar ba za ta kai watan biyar ba," in ji tsohon cikin raɗa.

"Ata, ku ba Allah ba ne."

Ya buɗe ƙofar murhu ya jefa wasiƙar. Sannan ya kwashe kwalabe biyu ya sa a aljihun rigarsa, ya ce kada 'yan kwamiti su sake ganinsu a taga. Ta ukun tana ƙarƙashin gado, bai gan ta ba. A bakin ƙofa ya juyo ya ce za su tafi bikin Nooruz, na shigar sabuwar shekara bayan sanyi, a ƙauyen su Gulzat, bayan tsauni, kwana uku kacal, can waya ba ta kamawa. Ya ce a tabbata an yi shanya ranar biki, don ranar hutu ce 'yan kwamiti suka fi son yawo, sun san kowa yana gida.

Ranar Nooruz ta zo da rana mai ɗumi. Kwana huɗu ke nan ƙanƙara tana narkewa, kowane kwata na garin yana kwarara zuwa tafki. Daga kan tudu ana jiyo kiɗa da lasifika. Toktosun ya yi shanyarsa da safe, jar rigar a tsakiya, sannan ya ɗauki kwalbarsa ya tafi wurin baƙin dutse. Bai sami dutsen ba. Wani rami ne a wurin, faɗin bakin tukunya, yana aman ruwa mai kauri, launin shayi da madara. Ya tara kwalbar duk da haka, ya rufe, ya sa a cikin rigarsa. Da ya ɗaga kai sai ya ga kafaɗar madatsa ta zauna, kamar raƙumin da zai durƙusa.

Titi yana da nisan taku ɗari uku, kuma hawa ne. Ya san ƙafafunsa. Ya juya zuwa tsanin da yake jingine a bangon gida, wanda ake hawa zuwa ma'ajiyar ciyawa a ƙarƙashin rufi. Matakala tara ce. Yana kan ta biyar ruwan ya iso, ya buge shi har ƙirji, baƙi, mai wari, da gutsattsarin ƙanƙara a ciki. Ya rungume tsanin. Yadda ya hau sauran huɗun, shi ma bai sani ba. Ya faɗa kan ciyawa a jiƙe sharkaf, tsanin ya tafi, ya ji ƙofar gida ta ɓalle a ƙarƙashinsa.

Gidan bai faɗi ba. Bayan kamar awa guda ruwan ya ragu, ya bar laka har rabin taga. Ta tsagar allunan rufi Toktosun yana hango kwarin da ruwan ya bi, har zuwa shingen waya na tsohuwar gona. Ya ga motoci sun tsaya a titi, ma'aikatan ceto masu riguna ruwan lemo suna saukowa. Ya ga matar kwamiti da takarda a hannu tana nuna gidan.

Biyu daga cikinsu suka kutso cikin laka har bakin taga, suka haska fitila. Ya ji ɗaya yana cewa ƙofa ta tafi, ɗakin fanko ne, ruwa ya fitar da su duka. Tsohon ya buɗe baki ya yi kira. Abin da ya fito bai fi hucin buta ba. Ya ɗaga hannu zai buga allo, hannun ya ƙi dunƙulewa. Ya buga da gwiwar hannu, sau ɗaya, sau biyu, a daidai lokacin da aka tayar da injin zuƙar ruwa a titi.

Sai wani ya ƙwala kira daga can ƙasa. Ya ɗaga wani abu ja daga jikin shingen waya. Mutanen biyu suka juya da gudu, laka tana kama ƙafafunsu. Can gaba aka tsinci wando, can kuma takalmi wari ɗaya. Duk wanda yake wurin ya gangara kwari, har da masu kallo da suka baro filin biki da sababbin kayansu. Suka yi sahu, suna caka dogayen sanduna a cikin laka, wani yana karanta sunaye daga takarda ta lasifika.

"Aidai. Temir. Aidai."

Sanyi ya riga ya shiga kan tsohon. Da ya ji sunayen sai ya yunƙura zai tashi ya tafi neman jikokinsa. Sannan ya tuna. Suna bayan tsauni, a bushe, ana cika musu hannu da alewa. Ya ji daɗin haka. Ya so a ce yana da murya, ko don ya gaya wa bayin Allahn nan su daina wahalar da kansu a cikin ƙazanta, kayan igiya ne kawai. Ya ga wani ƙato ya durƙusa yana tonon laka da hannu, yana share ido da kafaɗa. Ya daɗe yana kallonsa. Daga baya rawar sanyin ta daina, ya ji kamar an hura wuta a kusa.

Sai washegari da hantsi, da ya sauko daga tsauni, aka samu Kubat a waya. Ya ce alhamdulillahi, yara suna tare da shi, Allah ne ya fitar da su ziyara ana gobe abin zai faru. Da aka tambaye shi wa ya rage a gida, ya ce Ata ne, don ya ƙi biyo su. A lokacin ne wani ya tuna da ma'ajiyar ciyawa. Likitan da ya duba gawar ya ce ba ruwa ne ya ci shi ba, kuma ya kai yamma da rai.

Burul ce ta karɓi kayan da aka cire daga jikinsa.

Ba a jira watan biyar ba. Saboda abin da ya faru, hukuma ta gaggauta, aka ba Kubat makullai a gaban jama'a, ɗaki uku kamar yadda takarda ta nuna, don ba wanda ya ga dacewar a rage wa masu makoki. A sabon benen aka yi sadakar arba'in. An yanka doki, kamar yadda al'adarsu take. An shimfiɗa ledar cin abinci daga bango zuwa bango, an cika ta da soyayyar fulawa da nama da busassun 'ya'yan itace, Gulzat ta buɗe kwalabe shida na tumatir ɗin kaka, kowa yana yaba gishirinsa.

Bayan liman ya yi addu'a, wani dattijo daga dangi ya yi magana. Ya ce a wannan zamani da yara suke watsar da iyaye, ga auta guda da ya zauna da ubansa a cikin wari da naso har ranar ƙarshe, bai bar murhu ya mutu ba. Ya ce marigayin mutum ne mai taurin kai, Allah ya jiƙansa, kowa ya sani an yi an yi ya bar gidan ya ƙi. Aka ce haka ne. Kubat ya sunkuyar da kai, ya dafa ƙirji.

Burul ta tashi daga cikin mata. Ta buɗe jakarta ta fito da kwalba mai tsagaggen baki, ta ajiye ta a tsakiyar ledar, tsakanin nama da tumatir. Rabinta laka ce, ta kwanta ta yi tauri, ruwa kaɗan a sama. Ta tsaya tana duban ƙanenta.

Dattijon ya gyara tabarau ya tambaya wannan kuma wane irin abinci ne. Wasu suka yi 'yar dariya, suka kuma haɗiye ta. Kubat bai ɗago ba.

"Baƙin ciki ne, ku yi mata uzuri," in ji Gulzat. "Eje ba ta yi barci ba tun ranar." Ta miƙa hannu ta ɗauke kwalbar, ta ce a ci gaba da ci kada nama ya huce.

A kicin ta buɗe famfon ruwan zafi. Lakar ta ƙi fita sai da ta sa cokali. Ta wanke kwalbar da sabulu sau biyu, ta ɗaga ta a haske, ta shafa tsagar da yatsa. Ba ta yi zurfi ba. In an sa roba mai kauri a murfin, za ta riƙe kokwamba. Ta kife ta a kan kantar kicin tare da sauran.